Birni ɗaya, hukumomi barkatai: wa ke da ta-cewa a kan hanya da mota?

Zainab A.: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar sufuri. Babban birni idan ya tumbatsa yakan haɗiye garuruwan da ke kewaye da shi, har a wayi gari mutum yana kwana a wata ƙaramar hukuma, yana aiki a wata, 'ya'yansa kuma suna makaranta a ta uku. Wani ma iyakar jiha yake tsallakawa safe da yamma. To kowace hukuma da shugabanta, da kasafin kuɗinta, da sashen ayyukanta. Ta yaya ake haɗa kansu su tsara titi da bas da jirgin ƙasa tare? Wa ke cewa ga layin da za a fara, ga wanda zai jira? Ina karatun tsara birane ne, abin da ke cikin takarda na gani, amma ina son jin yadda abin yake a aikace.

Nura: Wa alaikumus salam. A aikace? Ba a haɗawa, Anti Zainab. Ki bi babban titi daga tsakiyar birni ki nufi waje, ki zuba ido. Za ki iso inda layi huɗu ya koma biyu ba gargaɗi, fitilun titi suka ƙare, magudanar da ta ɗauko ruwa tun daga nesa ta tsaya cak ta juye shi a ƙofar gidajen mutane. Ko babu allo kin san kin iso iyaka. A nan bas ɗin wannan ɓangare ke sauke fasinja, su taka da ƙafa su tsallaka, su sake bin layi, su sake biyan kuɗi a motar wancan ɓangaren. Kowa tasa ta fisshe shi.

Injiniya Bala: Nura ƙanena, abin da ka faɗa yana faruwa, amma kada ka sa yarinyar nan ta ɗauka ba a taɓa neman mafita ba. Zainab, bari in fara miki da Amurka, don su ne suka mayar da abin doka tun da wuri. A 1962 majalisarsu ta ce duk yankin birni mai mutane sama da 50,000, ba za a ba shi kuɗin tarayya na gina hanya ba sai in akwai tsarin da jiha da ƙananan hukumomin yankin suka zauna suka yi tare, tsarin da ya duba komai, kuma ake ci gaba da sabunta shi. Daga nan ne hukumomin tsara sufurin yanki suka samo asali, waɗanda suke kira MPO. Yau sun haura 400.

A teburin hukumar za ki samu magadan gari, da shugabannin gundumomi, da wakilin ma'aikatar sufuri ta jiha, da masu gudanar da bas da jirgi. Ƙarƙashinsu akwai kwamitin ƙwararru da ke yin lissafi. Takardu biyu ne ginshiƙin aikinsu. Ta farko dogon tsari ne mai hangen aƙalla shekara 20, ana sabunta shi duk shekara 4 ko 5. Ta biyu jerin ayyukan da za a zuba wa kuɗi ne cikin shekara 4 masu zuwa. Aikin da bai shiga wannan jeri ba, ba zai ga ko sisin tarayya ba. Sannan tun 1991 aka hana su rubuta mafarki: duk aikin da aka sa a tsari sai an nuna inda kuɗinsa zai fito. Kin ga ko shugabanni biyu ba sa ga-maciji, dole su zauna wuri ɗaya su sa hannu.

Malam Habu: Injiniya, Allah ya ƙara girma, amma ka tsaya a rabin labari. Yawancin hukumomin nan ba su da bas ko ɗaya, ba sa zuba kwalta, ba sa karɓar haraji. Kuɗi mai kauri yana hannun ma'aikatar hanyoyi ta jiha. Abin da kan faru a teburin shi ne kowane shugaba ya zo da jerin bukatun garinsu, ka sa wa nawa hannu in sa wa naka, a haɗa a ɗinke a ce ga tsarin yanki. Wannan rabo ne aka yi, ba wanda ya tambayi abin da yankin yake bukata. Ka dubi yankin San Francisco: tun 1970 suke da hukumar tsara sufuri ta gundumomi 9, amma har yau hukumomi 27 ne ke gudanar da bas da jirgi da jirgin ruwa a can, kowace da jadawalinta. Kati ɗaya dai sun samu na biyan kuɗi. Kuma tun farkon shekarun 1960, lokacin da ake shirin BART, jirgin ƙasan da ke haɗa garuruwan yankin, gundumomin San Mateo da Marin suka fice daga shirin, taswirar jirgin ta fito da giɓi.

Injiniya Bala: Ban musa ba, Malam Habu. Amma ka auna da abin da ke akwai kafin nan, lokacin da injiniyan jiha zai ja layi a taswira ya ratsa unguwa ba tare da ya tambayi kowa ba. Aƙalla yanzu kowa da alƙaluma iri ɗaya yake aiki. Ka san wahalar da ake sha idan gari biyu maƙwabta kowanne ya yi hasashen cewa duk sababbin mazauna yankin wurinsa za su sauka? Sai a gina hanya biyu don mutum ɗaya.

Zainab A.: Na gode Baba Injiniya, na gode Malam. To a teburin nan yaya ake ƙirga ƙuri'a? Garin da ke da mutum miliyan biyu da wanda ke da dubu ashirin, bakinsu ɗaya?

Dakta Safiya: Zainab, nan gizo ke saƙar. A wurare da yawa kowace hukuma kujera ɗaya gare ta ko biyu, ba a duba yawan jama'a. Sakamakon haka ƙananan garuruwan gefe, waɗanda mutanensu suka fi dogara da motar kansu, sukan rinjayi tsakiyar birni inda masu hawa bas suke, sai kuɗi ya karkata zuwa faɗaɗa manyan hanyoyi. A Houston abin ya kai ga a watan Nuwamban 2023 mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'a cewa ko dai a raba kujerun majalisar yankin bisa yawan jama'a, ko birnin ya fice. Idan kuma aka bi yawan jama'a zalla, ƙananan za su ce an mayar da su 'yan rakiya. Shi ya sa wasu ke haɗa biyun: shawara ba ta wucewa sai ta samu rinjayen hukumomi, ta kuma samu rinjayen jama'ar da suke wakilta.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. Wanda ke zaune a teburin, mutanen garinsu ne suka zaɓe shi, su ne kuma za su iya kayar da shi. Babu wanda zai faɗi zaɓe don ya cuci garin maƙwabta. Portland ta jihar Oregon ta kauce wa wannan: tun 1979 jama'a ne da kansu ke zaɓen majalisar yankin kai tsaye. Amma irinta ba ta da yawa.

Malam Habu: Dakta, ko yaya aka ƙirga ƙuri'a, ni abu ɗaya nake dubawa: wa ke riƙe da lalita? Hukumar da ba ta da kuɗin kanta roƙo take yi, komai kyan sunanta.

Ku dubi yankin Faris. Tun 1971 aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata wani haraji na musamman don sufuri, ana lissafa shi bisa albashin da suke biya. A yau duk ma'aikatar da ke da mutum 11 zuwa sama tana biya, kuɗin kuma yana tafiya ga hukumar sufurin yankin, Île-de-France Mobilités. Hujjar a fili take: kai da ma'aikatanka ke cika jirgi kowace safiya, sai ka sa hannu a aljihu. Da wannan kuɗi hukumar ke ƙulla kwangila da masu jirgin ƙasa da masu bas, ita ke yanke kuɗin mota, ita ke cewa mota nawa za ta bi layi kaza a cikin awa. Idan ta yi magana ana ji, don ita ke biya.

Yanzu ku juya ku dubi Atlanta ta Amurka. A 1971 aka tambayi gundumomi ko za su yarda da ƙarin harajin kashi 1 cikin 100 a kan saye da sayarwa don gina jirgi. Fulton da DeKalb suka yarda, Clayton da Gwinnett suka ƙi, Cobb kuwa tun 1965 ta ce ba da ita ba. Jirgin ya tsaya inda harajin ya tsaya, alhali birnin ya ci gaba da bazuwa cikin gundumomin da suka ƙi. Clayton sai 2014 ta shigo. Kuma duk tsawon lokacin nan akwai hukumar tsara yanki a Atlanta, tana zama, tana buga takardu.

Nura: Wato dai Malam Habu cewa yake taro ba kuɗi shan iska ne. Injiniya, a taimaka a kare mana martabar kwamiti, hhh.

Hajiya Rabi: Ku gafarce ni, tun ɗazu nake karantawa, ban ji wanda ya ambaci masu motar ba. Ni motocin haya gare ni, da su nake ci da ma'aikata. Kuna ta cewa tikiti ɗaya, tikiti ɗaya. To fasinja ya sayi tikitinsa a tashar jirgi, ya sauka ya shigo motata, ya nuna wa yaron mota takarda ya zauna. Ni wa zai biya ni? Mai da taya da gyaran inji ba sa jiran ƙarshen wata. Direba kuma da yamma yake kawo balas, daga abin da ya tara a ranar. In aka ɗauke kuɗi daga hannunsa aka kai wani ofis, me zai sa ya fito da asuba? An taɓa kiran mu wani taro, aka ce za a ji ra'ayinmu. Muna shiga muka tarar an riga an buga taswira mai launi, layukan da muka shekara muna bi an ba wa wasu manyan motoci, mu an tura mu lunguna. Ruwan roba aka raba mana aka ɗauki hoto.

Dakta Safiya: Hajiya, Allah ya saka da alheri, tambayarki ita ce ta hana wurare da dama motsawa. Birnin Hamburg na Jamus ne ya fara warware ta a 1965. Kamfanin jirgin cikin gari, da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, da wani kamfanin bas, suka kafa ƙungiya ɗaya. Kowa ya ci gaba da mallakar motocinsa da ma'aikatansa, amma tikiti ya zama ɗaya, jadawali ɗaya, kuɗin da aka tara ya shiga asusu ɗaya a raba bisa ƙa'idar da aka amince. Yau ƙungiyar ta wuce iyakar Hamburg ta shiga jihohi biyu maƙwabta, kuma kusan duk manyan biranen Jamus da Austria da Suwizalan sun kwaikwaya. Rabon ana yin sa ko dai bisa yawan aikin da kowa ya yi, ko bisa ƙidayar fasinja, ko a gauraya. Ba na ce ba a faɗa a kai ba. Ana yi sosai, sai dai a ɗakin taro ake yi, fasinja bai ma sani ba.

Landan kuma wata hanya ta bi. Jajayen bas ɗin nan kamfanoni masu zaman kansu ne ke tuƙa su. Hukumar Transport for London, wadda aka kafa a 2000 ƙarƙashin magajin gari, ita ke zana layi, ta yanke kuɗin mota, ta karɓi kuɗin, sannan ta biya kamfani bisa nisan da motarsa ta yi, da ƙari idan ya kiyaye lokaci, da ragi idan ya saɓa. Direba albashi yake ɗauka. Ba ruwansa da tsere don ya riga wani ɗaukar fasinja, ba ruwansa da tsayawa a tasha sai mota ta cika.

Hajiya Rabi: Wannan na biyun ya fi kwanta mini, Dakta, in har za a biya. Kin san inda matsalar take? Yau kuɗina a hannun fasinja yake, ba ya bin ni bashi, ba na bin sa. Gobe in ya koma hannun hukuma, ta riƙe wata uku, banki ba zai saurari uzurina ba.

Malam Habu: Hajiya ta dawo da mu kan maganata. Kuma don kada a ce barin kowa ya yi yadda ya ga dama shi ne mafita, Birtaniya ta gwada. A 1986 aka sakar wa 'yan kasuwa harkar bas a ko'ina ban da Landan, duk mai mota ya zaɓi layinsa da kuɗinsa. Kamfanoni suka yi cincirindo a layukan da ke da riba, unguwannin da ba riba sai da hukuma ta biya kafin a je musu, tikitin wannan kamfani ba ya aiki a motar wancan. Fasinjan bas ya yi ta raguwa a sauran manyan birane, na Landan kuwa daga baya ya ƙaru sosai. Yankin Manchester mai ƙananan hukumomi 10 sai da ya samu zaɓaɓɓen magajin gari na yanki da ikon doka, sannan ya fara dawo da bas ƙarƙashin hukuma ɗaya a watan Satumban 2023, ya kammala a farkon 2025. Shekara kusan 40 kenan.

Injiniya Bala: Hajiya, akwai inda aka tafi da irinku, ba a ture su ba. A Dakar an kafa hukumar CETUD a 1997 don ta haɗa sufurin yankin. Daga 2005 aka tara masu tsofaffin ƙananan bas cikin ƙungiyoyi, aka ba su sababbin motoci bashi, su kuma suka yarda da tsayayyen layi da tashoshi da yankan tikiti. A Johannesburg, da aka buɗe layin manyan bas na Rea Vaya a 2009, masu ƙananan bas ɗin da layin ya shafa sun miƙa motocinsu suka zama masu hannun jari a kamfanin da ke tuƙa manyan. An sha doguwar tattaunawa, har da tashin hankali, amma an yi. Legas ma ta kafa hukumar sufuri ta LAMATA a 2002, ta buɗe layin bas na musamman a 2008, sai dai ikonta na jiha ɗaya ne, birnin kuwa ya daɗe da malalawa cikin jihar Ogun.

Zainab A.: Baba Injiniya, in koma kan rabin tambayata. A ce an samu hukumar, an samu kuɗin. Da me ake gane layin da ya fi cancanta a fara? Ko dai wanda ya fi ƙarfi a tebur ne ke ja?

Injiniya Bala: Ana ja, 'yata, amma akwai lissafi. Da farko a yanka yankin gaba ɗaya zuwa ƙananan shiyyoyi, ɗaruruwa ko dubbai, ba a kula da iyakar hukuma. Sai a bi gidaje da aka zaɓo a yi tambaya: jiya wa ya fita a gidan nan, ina ya je, ƙarfe nawa, da me ya tafi, don me. A tsaya a bakin manyan hanyoyi da gadoji a ƙirga motoci da mutanen cikinsu. Yanzu har bayanan wayar hannu da na katin biyan kuɗi ana haɗawa.

Daga nan kwamfuta ta bi matakai huɗu. Tafiya nawa ke tashi daga kowace shiyya. Ina suke nufa. Da wane abin hawa. Ta wace hanya. Idan lissafin ya yi daidai da abin da aka ƙirga a titi yau, sai a zuba masa hasashen gidaje da wuraren aiki na shekara 20, a gwada: in aka yi jirgi a nan me zai faru, in aka yi gada a can fa. Abin da kan ba shugabanni mamaki shi ne sau da yawa tafiye-tafiyen ba tsakiyar birni suke nufa ba, daga gefe zuwa gefe ne. Faris ta ga haka, shi ya sa take gina sababbin layuka na kimanin kilomita 200 da tashoshi 68, yawancinsu zagaye suke yi suna haɗa garuruwan gefe da juna. Babu ƙaramar hukuma ɗaya da za ta iya hango wannan daga ofishinta, balle ta gina.

Dakta Safiya: Injiniya, ina girmama lissafin nan, na koyar da shi ma, amma yana da makanta. Shekara da shekaru abin da yake cewa shi ne motoci za su ƙaru, a faɗaɗa hanya. A faɗaɗa, tafiya ta yi sauƙi na ɗan lokaci, mutane su ƙara nisa da gidajensu, masu hawa bas su sayi mota, hanya ta sake cika, lissafi ya ce kun gani, dama na faɗa. Babbar hanyar Katy a Houston an gama faɗaɗa ta a 2008, a wasu wurare layukanta sun haura 20, cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo.

Sannan wa ake ƙirgawa? Tsohon salon ya fi ganin mai fita aiki da safe ya dawo da yamma. Matar da ta kai yaro makaranta, ta biya asibiti, ta tsaya sayayya, ta dawo da rana tsaka, tafiyarta gajeru ne, da yawa da ƙafa, ba a lokacin cunkoso ba, sai ta ɓace a lissafi. Abin da hukuma ta zaɓa ta auna shi ke fitar da wanda zai ci. In saurin mota ake aunawa, gadar sama za ta yi nasara kullum. In aka tambayi wuraren aiki nawa talaka zai iya kaiwa cikin minti 45 ba tare da motar kansa ba, jerin ayyukan sai ya juye.

Injiniya Bala: Gaskiya ne, Dakta, kuma sababbin lissafai suna bin mutum ne da hidimominsa na yini guda. Amma ko mai makantar ya fi babu. In ba alƙaluma a tebur, mai babbar murya ne ke tafiya da hanya.

Lauya Mustapha: Na shigo a makare, a yi mini afuwa. Malam Habu, ina jin tsoron maganinka. Kana neman hukuma mai kuɗin kanta, mai iko a kan kowa, wadda ba ta roƙon kowa. An taɓa yin ta. Robert Moses a New York ba a taɓa zaɓensa a kowane muƙami ba, amma ya riƙe hukumar da ke karɓar kuɗin gadoji, da wannan kuɗi ya yi shekaru yana gina abin da ya ga dama. Ayyuka sun tafi da sauri, babu shakka. Babbar hanyar da ya ratsa yankin Bronx na birnin da ita ta tashi dubban mutane daga gidajensu, sun yi kuka, sun kawo wata hanyar da za a bi, ba wanda ya isa ya tanƙwara shi. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Ta fuskar doka kuma, iko ba a sama ake tsinto shi ba, daga hannun wani ake karɓa. In birni ya tsallaka jiha, sai majalisun jihohin sun yi doka iri ɗaya. Haka aka kafa hukumar tashar jiragen ruwa ta New York da New Jersey a 1921, haka aka kafa ta jirgin Washington a 1967 tsakanin babban birnin da Maryland da Virginia. Dole yarjejeniyar ta fayyace wa ke naɗa wa, wa ke iya hawa kujerar na-ƙi, wa ke binciken asusu, kuma ina wanda za a rushe wa gida zai kai ƙara.

Malam Habu: Lauya, misalinka na Washington ni ya taimaka wa. An yi yarjejeniya a 1967, amma ba a ba hukumar tsayayyen kuɗi ba, kowace shekara sai ta bi gwamnatoci uku da ƙoƙon bara. Gyara ya yi ta taruwa har jirgin ya fara ba da tsoro, sai a 2018 suka amince da dala miliyan 500 duk shekara don gyara da sabuntawa. Batun Moses kuma na karɓa. Shi ya sa na fi son irin na Landan: kuɗi da iko a wuri ɗaya, amma a wuyan mutum ɗaya da jama'a suka sani, in bas ya lalace su kayar da shi. Kuma ko can ba komai aka ba shi ba. Kimanin kashi 5 cikin 100 na titunan birnin ne a hannun hukumarsa, manyan da suka fi ɗaukar motoci. Sauran suna hannun ƙananan hukumomi, in yana son layin bas ko na keke a kansu sai ya lallaɓa.

Dakta Safiya: Akwai ikon da ko Landan ko Faris ba su tattara shi wuri ɗaya ba, kuma a ganina ya fi na lalita: izinin gini. Hukumar sufuri tana iya zana jirgi mafi kyau, amma wata ƙaramar hukuma can gefe ita ke sa hannu a yanka fili a gina gidaje dubbai inda ba layi ko ɗaya, don tana son kuɗin shiga. Wata kuma ga tasha a ƙofarta, ta hana a yi bene kusa da ita don mazauna ba sa son baƙi. Bayan shekara goma duka biyun za su zo suna neman a kawo musu hanya. Curitiba ta Burazil ta yi suna ne don ta haɗa biyun: da ta buɗe layukan bas na musamman a 1974, dokar gini ta ce dogayen benaye a bakin layin za a yi su, ana nisa da layi gini na raguwa. A Hong Kong kamfanin jirgin ne ke samun haƙƙin gina filayen da ke kan tashoshi da kewayensu, ribar ta taimaka wajen biyan layin. Singafo ta haɗe hukumomin sufurin ƙasa wuri ɗaya a 1995, amma ita gwamnati ɗaya ce tal, ba ta da maƙwabcin da zai ce bai yarda ba, don haka ban cika kawo ta misali ba.

Malam Habu: To Dakta, Curitiba ɗin ma da birnin ya bazu zuwa garuruwan kewaye, an haɗa bas ɗinsu da na birni a kuɗi ɗaya. A 2015 gwamnatin jihar Paraná da ta birnin suka saɓa a kan wa zai biya tallafin, asusun ya rabu biyu, mazauna gefe suka ji a jikinsu. Taswira ba ta canza ba, tashoshi suna nan, motoci suna nan.

Nura: Malam Habu ko batun auren wani aka kawo sai ya tambayi wa ke riƙe da asusu. Amma tsakani da Allah, in duk sai an yi sabuwar doka da sabon haraji da zaɓen magajin gari, jikokinmu ne za su hau motar.

Injiniya Bala: Ba dole sai an jira duka ba, Nura. Akwai abin da ma'aikata ke iya yi tun kafin 'yan siyasa su shirya: taswira ɗaya, lambar layi da ba ta maimaita kanta, tasha ɗaya a iyaka maimakon biyu da ke kallon juna, da daidaita lokaci. Suwizalan tun 1982 take da jadawalin da jirage ke haɗuwa a manyan tashoshi a lokaci guda kowace awa, bas ɗin ƙauye ya iso kafin jirgi ya tashi, ya jira wanda ya sauka. Kamfanoni da yawa ne, agogo ɗaya suke bi. Geneva kuma iyakar ƙasa ce ma ta raba ta da unguwanninta na Faransa, kuɗi daban, doka daban, amma a watan Disamban 2019 suka buɗe jirgin Léman Express da ke ratsa iyakar. Yarjejeniyar haɗa layin tun 1912 aka sa mata hannu, wannan kam na ba Malam Habu.

Hajiya Rabi: Injiniya, daidaita lokaci da haɗa tasha zan iya shiga gobe, ba sai an yi doka ba, in dai za a zauna da mu kafin a buga taswira. Batun miƙa kuɗin mota kuwa ina da sharaɗi. Kuɗin fasinja ya shiga asusun da ba shugaban da zai iya taɓawa, banki ya riƙa biyan masu mota kai tsaye duk mako bisa kilomitan da na'ura ta nuna, mu ma a ba mu damar ganin alƙaluman. Direbobina da yaran mota kuma a faɗa mini matsayinsu a rubuce, don tsarin kati ba ya bukatar mai karɓar kuɗi a ƙofa, kuma mutanen nan iyali gare su. Lauya, irin wannan asusu ana iya rubuta shi a cikin yarjejeniyar, ko sai an je majalisa?

Lauya Mustapha: Ana iya rubuta shi a kwangila, Hajiya, a naɗa banki a matsayin amintacce, a jera wanda za a fara biya da wanda zai biyo baya. Kuɗin da fasinja ya biya ba shi da wuyar killacewa. Cikon da gwamnati za ta riƙa yi ne ke bukatar doka, don abin da majalisar bana ta sa a kasafi, ta baɗi tana iya cirewa. In kwangilar ta zo hannunki, ki fara duba sashen da ya ce me zai faru idan an yi jinkirin biya, da kuma kotun da za a je.